Kai Kwamfutar Malam Damagaram

Mun bar gida kafin kiran assalatu, ni da kakana Malam Idi, a shekarar da damina ta yaudare mu, sojoji kuma suka karɓi mulki. Ni na ɗauki kwamfutar a ka, naɗe cikin bargo. Wata ƙungiya ce ta ba rumbun tsimin unguwarmu ita, aka mayar da rubutunta ajami saboda Malam, don shi ne magatakarda kuma bai yi lakwal ba, wato makarantar boko. Da ita ake aika buƙatar gero Damagaram. Sauran unguwanni sun samu, mu shiru. Har an fara raɗa a ƙofar masallaci cewa Malam ya karɓa ya ɓoye. Shi ya sa ya ce sai ya kai injin gaban masu shi.

Tashar Matameye

An cusa mu a mota kamar goro a huhu. Ƙafata ɗaya tana hannuna, ɗayar ban sake jin labarinta ba sai a Damagaram. Direba ya ce, "Malam, a ɗaure kayan nan a sama."

"Kai za a ɗaure a sama," in ji Malam. "Amarya, rungume abinki." Haka yake kirana, ni kuma in ce masa tsohon ango.

Kance

Jandarma ya tsayar da mu, ya nuna bargon. "Mene ne wannan?"

Na ce, "Maras lafiya ne, asibiti za mu kai shi."

Malam ya mintsine ni. Aka buɗe, aka kunna. Da jandarman ya ga ajami ya cika fuskar injin, sai ya gyara tsayuwa ya ce a sa shi a addu'a.

Takeita

Gonaki fayau, ko kara babu. Mata na sayar da dafaffen ganyen tafasa a ƙwarya. Malam ya saya mini ƙosai, shi ya ce azumi yake. Ranar Talata ce. Na cinye ban yi gardama ba.

Damagaram

Da hantsi muka sami buron ƙungiyar, wato ofishinsu. Madam Zara, wadda ta shirya injin, ta duba nata ta ce, "Baba, ko sau ɗaya saƙonku bai iso ba."

"Kullum da safe sai na aika, 'yata."

"To aika in gani."

Malam ya yi bismilla, ya cika komai da yatsa ɗaya, a hankali har na kusa tsufa. A ƙasa akwai kibiya biyu. Ya danna wadda ta kalli hagu. Rubutun ya ɓace, shafin farko ya dawo fari fat.

"Kin gani?" in ji shi. "Ya tafi. Allo ya wanku."

A makarantarsa sai ka haddace ake wanke maka allo, don haka duk safiya yana rufe injin da farin ciki.

"Baba, me ya sa ka danna ta hagu?"

"Gaba nake son zuwa. Karatu daga dama yake tashi, ina zai nufa?"

Madam ta dafe kai. Sun juya haruffa, sun bar kibiyoyi a tsarin boko: ta dama ce gaba, ta hagu komawa baya. Ta zauna kan injin har la'asar, ta juya su duka. Malam ya sake cikawa, ya danna hagu. Injin Madam ya yi ƙara, na yi guɗa har mai gadi ya leƙo.

Sai dai kamyon wannan zagaye, babbar motar da ke kai gero, ya riga ya tashi, namu sai na gaba. Malam ya ce wa Madam, "Kira mini mai unguwa, ki faɗa masa da bakinki." Ta kira, ta faɗa.

Gida

Da magariba muka sauka Matameye. Masu raɗar nan su suka fara yi wa Malam sannu da hanya, har da mai karɓar masa takalmi. Geron ya zo daga baya, aka raba a ƙofar masallaci, Malam na zaune yana kallo. Rabon gidan Tanko makwabcinmu yana nan a ɗaure cikin zaurenmu, don sun kulle ƙofa sun tafi Kano kafin ya iso.

Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Madam Zara, da direban da ya mayar mini da ƙafata.