Zubaidatu Masaƙiya da Tambayar Alƙali

Idan a unguwar Liman Abaji aka haife ka tsakanin samun 'yancin kai da zamanin Udoji, da wuya in ba da majanyin Zubaidatu aka goya ka ba. Ita ke saƙa su a masaƙar da ke jingine da bangon ɗakinta, fari da layin baƙi biyu a gefe, ga kauri ga ƙarko. Har daga Angwan Iya mata ke aiko mata da zare. Rabin 'ya'yan unguwa sun kwana a saƙarta, amma nata bayan fayau yake. Ni Huraira na san dalili, domin da hannuna a ciki, kuma yau tsufa ya cire mini kunyar faɗa.

Facalata ce. Ni ina auren wan, Malam Zailani, wanda sai yanzu da ƙasa ta rufe masa ido nake iya kama sunansa. Ita tana auren ƙanen, Husaini, mai fataucin goro. Gida ɗaya, kowa da sashensa. Ta taɓa haihuwa sau ɗaya, namiji, baƙon dauro ya ɗauke shi tun bai fara tafiya ba. Da ta gama kuka sai ta zauna ta saƙa sabon majanyi, ta sa masa jan layi maimakon baƙi, ta naɗe ta jefa cikin adudu. Ta ce mini, "Yaya, wannan na mai zuwa ne." Ba ta da wani buri a duniya da ya wuce wannan.

A 1962 Husaini ya tafi Kurmi sayen goro, ya ce zai dawo kafin azumi. Tana da shekara talatin. Azumi ya zo ya wuce, babu shi babu saƙonsa.

To, a garin nan kowa ya san magana guda, har masu tallan ƙosai: matar ɓatacce shekara huɗu take jira. Daga yaushe ake fara lissafin, wannan babu wanda ya taɓa tambaya. Mu dai muka ɗauka daga ranar da ya sa ƙafa ya fita ne. Zubaidatu ta yi ta ƙirga azumi tana saƙa. Da huɗu suka cika, Malam ya ce a ɗan ƙara, wai wani direba ya ga mai kama da Husaini a Kumasi. Aka ƙara shekara. Aka kuma ƙara wata shekarar, don ba wanda ke son ya zama shi ya fara cewa ɗan'uwansa ba zai dawo ba.

Akwai wani Ɗan'azumi mai gyaran keke a bakin kasuwa, matarsa ta rasu. Bai furta cewa yana son Zubaidatu ba, ba shi ma da ikon furtawa, matar aure ce. Sai dai gwaggonsa ta yawaita zuwa sayen majanyi, alhali gidansu ko jaririn akuya babu. Na kan tsokani Zubaidatu in ce, "Kekuna suke goyawa ne a gidan nan?" Ta yi dariya ta sunkuyar da kai.

Sai a 1968 aka je gaban alƙali. A shekarar ne aka karɓe kotuna daga hannun En'e aka mayar da su ƙarƙashin gwamnatin jiha, aka turo mana sabon alƙali, matashi, ba ɗan gari ba. Maza suna ta cacar baki a zaure, wasu na cewa gyara ne, wasu na cewa an ci mutuncin malaman da. Mu mata abin da ya dame mu shi ne za a kai matar gidanmu ta yi magana a gaban baƙo. Da safen ranar ni na ɗaura mata mayafi, ni kuma na ja mata kunne. Na ce, "Ki kama bakinki. Duk abin da aka tambaye ki, ki ce ba komai. Kada ki sa a ce gidan Malam ya kasa riƙe mace ɗaya."

Alƙalin ya saurari Malam har ya gama. Sannan ya ce shekara huɗun nan ba daga ranar tafiya ake ƙirga su ba, sai daga lokacin da aka kawo maganar gaban hukuma aka bincika ba a same shi ba. Shekara shida ta bi ruwa ke nan!

Amma bai tsaya nan ba. Ya ce yana da tambaya biyu. Ta farko: mijin ya bar mata abin ci? Malam ya miƙe tsaye, har rawaninsa na rawa, ya ce gonar Husaini shi ke noma ta, hatsinta a rumbu daban yake, matar ƙanensa ba ta taɓa kwana da yunwa ba, in ana son rantsuwa a kawo Alƙur'ani. Kuma gaskiya ya faɗa, ni ke auna mata da hannuna, mudun ma a cike.

Sai alƙalin ya juyo wajen Zubaidatu, ya rage murya. "Ke fa, baiwar Allah? Ban da ci da sha, zaman nan ba miji yana cutar da ke? Kina jin tsoro wa kanki?"

Kotu cike da maza, har da masu leƙe ta taga. Ta ɗago ta dube ni. Na ɗan girgiza mata kai.

Ta ce, "Ba komai, Allah gafarta Malam."

Ya sake tambaya. Ta sake cewa ba komai. Na ga ya yi ajiyar zuciya, ya ce wa akawu ya rubuta: a aika takardun cigiya, in ba a ji komai ba ta jira shekara huɗu, sannan ta yi takaba. Muka dawo gida Malam yana ta sa mata albarka, wai ta fitar da mu kunya.

Bayan kwana uku sai ga Caroline, matar akawun kotun, Malam Boaz. Ita ke kawo mini man ja daga ƙauyensu, mun saba. Ta ja ni bayan rumbu ta ce mijinta ya kasa cin abinci saboda maganar nan. Wai tambayoyin nan biyu ƙofofi ne alƙali ya buɗe. Da an ce babu abinci, ko da ita ta ce zaman yana cutar da ita, da wa'adi kaɗan za a sa a raba auren, cikin 'yan watanni ta gama idda. Ta ce, "Maman Lantana, ƙofar tana nan a buɗe. Ko gobe ta koma ta faɗa, zai saurare ta. Don Allah ki gaya mata."

Na ce to. Na karɓi man jana na sallame ta.

Ban gaya wa Zubaidatu ba. Kada wani ya nema mini uzuri, na nema wa kaina na gaji. Na yi tunanin matar gidan Malam ta koma kotu ta tsaya gaban ƙartin gari ta ce tana bukatar namiji, bayan ta ce ba komai har sau biyu. Na yi tunanin abin da za a faɗa a bakin rijiya, da 'ya'yana mata da ba su yi aure ba. Na ce a raina shekara huɗu kamar gobe ne. Ni mai 'ya'ya bakwai, ai dole in ga kamar gobe ne.

Ta gama takaba a shekarar da aka fito da naira, tana da arba'in da ɗaya. Ɗan'azumi, Allah ya jiƙansa, yana nan yana jira, har furfura ta fito masa. Aka ɗaura aure, ta tare a gidansa da masaƙarta da adudunta. Ya riƙe ta da mutunci. Sun je asibiti, sun sha rubutu, sun sha sassaƙe. Wata ungozoma ta gaya mata a hankali cewa da ta zo da shekara biyar baya, da akwai magana. Ko ɓari ba ta yi ba.

Daga nan halinta ya sake. Mace mai shiru-shiru ta koma mai shiga abin da ba a kira ta ba. Da ta ji mijin wata ya yi nisan kiwo, sai ta yafa mayafi ta je gidan, ta zaunar da matar ta ce, "Alƙali ba ya ƙirga haƙurin da kika yi a ɗaki. Je ki a rubuta ranar." Ta kan raka su har kotu ta zauna a gefensu. Wasu mazan suka sa mata suna lauya, wasu suka hana matansu sayen majanyinta. Ko a jikinta. Lokacin kuwa kuɗin mai ya buɗe hanyar Ikko, maza na tafiya neman arziki kamar ana korarsu, wasu su dawo da rediyo da agogo, wasu shiru kake ji.

Cikin masu shirun har da mijin 'yata Lantana. Ya tafi aikin dako a tashar jiragen ruwa, shekara ɗaya da rabi babu wasiƙa babu saƙon baki. A lokacin ne, 1978, rediyo ba ta da zance sai gardamar manya a kan kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a, a sa ta cikin tsarin mulki ko kada a sa. Malam da abokansa su wuni a zaure suna ɗaga murya. Ni dai ban ji ko ɗaya daga cikin manyan nan, na wannan ɓangare ko na wancan, ya tambayi yadda mace za ta buɗe baki a ɗakin da maza hamsin suka zuba mata ido ba.

Wata hantsi Zubaidatu ta yi sallama. Ta tarar da ni ina tsince shinkafa, Lantana na gefe. Ko zama ba ta yi ba ta ce yarinyar ta ɗauko mayafinta. Na ce, "Haba Zubaidatu, a ɗan ƙara haƙuri mana. Ki bari ni zan yi mata magana a tsanake."

Ta dube ni, ba fushi ba murmushi. Ta ce, "A'a, Yaya. Wannan karon saƙon ba ta hannunki zai bi ba."

Na ajiye tiren shinkafar. Ashe ta sani. Ashe sun haɗu da Caroline a layin asibiti shekara huɗu da suka wuce, matar ta tambaye ta me ya hana ta komawa wancan lokacin. Shekara huɗu tana gaishe ni, tana zuwa sunan jikokina da majanyi a hannu, ba ta taɓa nuna mini a fuska ba.

Na bi su kotun. Wani alƙalin ne daban, amma tambayar ita ce dai. Da ya zo kan ta biyun, Lantana ta juyo tana dubana, daidai yadda aka taɓa dubana shekara goma baya. Zubaidatu ta bar ni da ita. Ban san lokacin da murya ta fito mini ba, har masinja ya daka mini tsawa. Na ce, "Faɗa masa, don ubanki! Faɗa masa gaskiya!"

Ta faɗa, tana kuka tana faɗa. Aka sa wa'adi, aka yi cigiya, aka raba auren. Malam ya yi wata guda ba ya cin tuwona, mata suka yi gulmarsu a bakin rijiya har suka gaji suka kama wata. Abin da na saya da shekarun baiwar Allah ke nan: gulmar wata ɗaya.

Lantana ta auri wani malamin firamare, shekara na zagayowa ta haifi namiji. Ranar suna Zubaidatu ta zo da ƙunshi. Da ta kwance sai na ga jan layin. Farin ya koma ruwan ƙasa-ƙasa saboda daɗewa a adudu, amma zare ko ɗaya bai tsinke ba.

Na jawo ta ɗaki na durƙusa mata, ni da nake yayarta. Na ce ta yafe mini.

Ta ce, "Tashi, Yaya, kada yara su gani. Na yafe tun a layin asibiti. Ni ma ai da bakina na ce ba komai." Ta shafa majanyin. "Sai dai da komai, Yaya. Kullum da komai."

Ta fita ta ce a ɗora mata jaririn. Ta sunkuya, aka kwantar mata da shi a baya, ta ja zane, ta ɗaure da majanyin ta ƙulle a ƙirji. Ta yi ta zagaya tsakar gida da shi tana jijjigawa, har ya farka ya fara kukan nono, uwarsa ta zo ta karɓe shi.