Muryar Yaya a Shagon Kudan

Yayana ne ya rubuta manhajar da Alhaji yake tafiyar da shagunansa da ita. Alhaji iri yake sayarwa da taki da maganin feshi. Babban shagon yana Makarfi, akwai reshe a garinmu Ikara, da wani ƙarami a Kudan. Shekaru Yaya ya yi yana gina manhajar nan layi bayan layi. Kowane shago da tasa kwamfutar, kuma ba a haɗe suke ba, don haka duk ƙarshen mako sai a kwashe bayanan ciniki a filas, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta, a kai Makarfi a kan babur, Yaya ya haɗa su. Ina karatu a Zariya a lokacin. In na zo hutu nakan zauna gefensa ina kallo, a nan aikin ya shiga raina.

Ciwon ƙoda ne ya yi ajalinsa. Manhajar ta ci gaba da aiki bayansa ba mai taɓa ta, har ranar da kwamfutar Makarfi ta fara ɗaukewa ana tsakiyar ciniki. Alhaji ya kira ni. Bayan mun gama gaisawa ya ce, "Kayan ɗan'uwanka ne. Ba na son baƙo ya sa masa hannu."

Na ce masa gyara ba zai yi ba, sai dai a yi ƙaura. A wurin aikina muna amfani da wani dandali na gina manhaja cikin sauri. Ba sai ka rubuta komai da hannu ba. Akwati za ka jawo ka ajiye, ka ce nan sunan kaya, nan yawan buhu, nan sunan manomi, ka haɗa su, shi ke nan sai ga shafi ya fito a waya. Shagunan uku za su riƙa ganin juna nan take, in kuma babu sabis wayar ta riƙe bayanin har ya dawo. Alhaji ya ce in yi.

Kafin mako ya zagayo na tayar da abin da ya ci wa Yaya shekaru. Ban ji daɗin da na zaci zan ji ba. Duk shafin da na gama sai in tuna shi a durƙushe gaban waccan kwamfutar, ƙafafunsa a kumbure, yana fama da abin da ni yanzu nake yi da yatsa ɗaya.

Kwashe tsofaffin bayanai ya fi ginin wuya, domin sai na karanta rubutunsa na gane yadda ya tsara komai. A tsakanin layukan yakan bar wa kansa 'yan kalmomi da Hausa. Wani wurin ya rubuta, "Nan akwai rikici, kar a taɓa." Wani wurin, "Zan gyara bayan sallah." Bai gyara ba. Na daɗe ina kallon layin kafin na wuce.

Kudan na je a ƙarshe. Mai tsaron shagon kawun Alhaji ne, dattijo, kowa Baba yake ce masa. Ya yi karatun allo da na littattafai sosai, amma ba ya karanta boko, idonsa kuma ya yi rauni. Na isa da hantsi, manoma na ta shigowa neman irin masara saboda an fara ganin hadari. Na durƙusa na gaishe shi, ya yi mini ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar, sannan ya matsa mini kujera gaban kwamfutar.

Na shigar da buhu ɗaya don gwaji, na danna maɓallin adanawa.

"An adana, Baba."

Muryar Yaya ce. Daga wata 'yar sifika ta fito, a bayan gwangwanayen maganin feshi. Ba kama ba ce, shi ne, da yadda yake jan ƙarshen magana kamar mai shirin yin dariya. Na miƙe tsaye ban sani ba, kujerar ta faɗi. Wani manomi da ke bakin ƙofa ya ce, "Lafiya, malam?"

Baba ya kama hannuna ya zaunar da ni. Ya ce, "Ashe ba ka sani ba. Da ya ga ba na iya karanta abin da ke fitowa, sai ya sa na haddace maɓallan, ya kuma ɗauki muryarsa ya sa a ciki. Nan kaɗai ya yi wa haka."

"Kullum kana jin sa, Baba?"

"Kullum. Da farko in ya yi magana sai in kashe abin in fita waje. Yanzu in ya ce an adana, sai in ce Allah Ya jiƙanka. Ka ga ke nan yana samun addu'a a kan kowane buhu."

Na binciko inda muryoyin suke. Ba su da yawa. "Kayan nan sun kusa ƙarewa." "Ba ka sa sunan mai saye ba, Baba." "Sake dubawa, akwai kuskure." Na kwafe su a wayata, na saurare su ɗaya bayan ɗaya, Baba yana sallamar mutane a gefe. Da zan tafi ya tambaye ni ko muryar za ta biyo mu cikin wayar. Na ce abu ne mai sauƙi, dandalin yana karɓar murya, jawowa kawai zan yi in ajiye. Ya ce, "Sauƙi kam na ji. Amma ka tambayi mahaifiyarku tukuna."

Na sami Inna a tsakar gida da la'asar tana tsince wake. Yaya ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko a ranar rasuwar ban ga hawayenta ba. Na yi mata bayani a hankali. Ba ta ɗago ba, ta ce, "Sa in ji."

Na sa. Hannunta ya tsaya a cikin faifan. Da aka zo kan ta ƙarshe ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta ce, "Wannan ba shi da lafiya ya yi ta. Ji numfashinsa." Ni ban lura ba sai da ta faɗa. Kafin ya ce "sake dubawa" akwai wani ɗan jan numfashi mai nauyi, irin wanda muka saba ji a watanninsa na ƙarshe.

Ta ci gaba da tsince waken. Sannan ta ce, "Ya yi musu aiki da lafiyarsa, ya yi musu da ciwonsa. Ku bar min shi ya huta. Kai ba ka da baki ne?"

Washegari na shiga ɗaki na rufe ƙofa na ɗauki tawa muryar. Kalmominsa na maimaita, ban canja ko ɗaya ba, don kar Baba ya rikice. Na yi ta sakewa, domin duk wadda na saurara sai in ji kamar shi nake kwaikwayo, alhali ba niyyata ba ce.

Ranar da muka koma sabuwar manhajar, Alhaji ya zo Kudan da kansa. Na koya wa Baba inda zai taɓa a wayar, na yi masa manyan maɓallai masu launi daban-daban. Ya gwada, wayar ta ce an adana. Ya karkata kai ya saurara, ya ce, "To. Allah Ya yi maka albarka." Daga nan ya ce in ba shi ɗan lokaci kafin in zare tsohuwar kwamfutar. Ya shigar da wani buhu da ba a saya ba, ya danna, Yaya ya amsa masa. Baba ya ɗaga hannu, mu ma muka ɗaga, ya yi addu'a mai tsawo. Ni na zare wayar wutar.

Aikin ya zauna lafiya. Babur ya daina yawo da filas, Alhaji yana ganin kayan Ikara da na Kudan daga inda yake zaune. Bayan girbi na koma Kudan don in ƙara wani shafi. Ina tsaye a gefe Baba yana sallamar wani dattijo da ya zo daga wajen Paki, wanda ya daɗe bai leƙo shagon ba. Wayar ta yi magana da muryar da na ɗauka. Dattijon ya washe baki ya ce, "Allah sarki, yaron nan mai kwamfuta! Rabona da shi tun yana fama da ƙafa. Ya ji sauƙi ke nan?"

Baba ya dube ni. Na buɗe baki in ba dattijon amsa, sai na ji tsoron ya ji muryata. Baba ne ya gaya masa.