Reman da Na Kira Ɓera

Shekarun baya, ina sabon zuwa Madina, na yi aikin ban ruwa a wata gonar dabino a unguwar Awali. Bayan katangar gonar akwai tarin baƙaƙen duwatsu, a nan wasu remaye suke zaune. Da hantsi sukan fito shan rana, ɗaya ya hau can sama yana gadi. Da ya hango shaho sai ya yi ƙara, duk su shige kogo. Kallonsu kan tuna mini da duwatsun garinmu.

Wata rana mai gonar ya tambaye ni abin da nake kallo. Jikan Hausawa ne da suka zo hajji suka zauna, yana jin Hausa amma da Larabci yake amsawa. Na ce rema, ya ce, "Esh?" wato "Mene ne?" Ni kuma Larabcina bai wuce na sayen burodi ba, sai na ce "far kabir", wato ƙaton ɓera. Washegari sai ga shi da guba a leda, wai in zuba a bakin kogon.

Bakina ne ya jawo musu, don haka na ƙudurta ko korata za a yi ba zan zuba ba. Wani abokina ɗan Cadi ya ce da Larabci wabar ake ce musu. Na koma da murnata na gyara, ashe ɓatawa na ƙara yi. Mai gonar ya washe baki, ya ce ai naman wabar daɗi gare shi, ranar Juma'a zai zo da bindiga.

Ban haƙura ba. Da aka aike ni in kai wa mahaifiyarsa dabino a Khalidiyya, na durƙusa na ce, "Hajiya, ki sa baki. Rema ne fa. Ban taɓa ganinsu cikin gona ba, kuma ba su da yawa, haihuwarsu sau ɗaya ce a shekara."

Sai ta ce, "Rema ka ce? Wallahi, ya waladi, ɗana, rabona da jin sunan nan tun babana yana da rai." Nan take ta kira ɗanta a waya, ta ce masa da Hausa zalla, ko ɗaya ya taɓa ba ta yafe ba.

Ranar Juma'a ya zo hannu wofi. Ya tsaya kusa da ni yana kallonsu, can ya ce, "Re-ma?" Na ce, "Rema."

Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni, saura ƙiris kalma biyu su hallaka gidan remaye guda. Yanzu in ban san sunan abu ba, na gwammace in kama hannun mutum in kai shi ya gani da idonsa.