Winifred Kwaji, Wadda Ta Sa Waya Ta Saurari Mayo

Kullum da safe, tun kafin ta sha kunu, Winifred Kwaji kan buɗe tsohuwar kwamfutarta a shagonta na Mubi, ta duba ko mayo ya tashi lafiya. Mayo dai shi ne rafin da manoma da makiyayan Wuro Patuji ke tsallakawa, kuma kowa ya san halinsa: sama garau a nan, ruwa ya zuba a kan duwatsu, sai ga ambaliya babu sallama.

Winifred manhajar waya take rubutawa. Ta yi wata 'yar ƙarama ta raba kyauta: na kan dutse ya rubuta ruwa ya taso, na ƙasa ya gani. Sai dai da farko sai ka danna kafin sabon labari ya fito. To wa zai danna, sanda a hannu ɗaya, igiya a ɗayan? Malam Gabdo makiyayi ya tako har shago, ya dire mata wayarsa a tebur.

Ya ce, "Malama, wannan abu naka labarin jiya yake ba ni. Mayo kuma ba ya jira."

Dariya ta yi, amma maganar ta shige ta. Ta warware aikin ta sake ɗinkawa. Yanzu bayanin kowane mashigi yana zaune cikin wayar, allon kuma ya kasa masa kunne. Da an canza ko kalma ɗaya, zai sauya da kansa, ya yi ƙara.

Daminar bara Gabdo ya kawo shanunsa bakin mayo da rana tsaka, ruwa ko idon sawu bai kai ba. Saniyar gaba, mai tsohon ciki, har ta tsoma ƙafa. Sai waya ta yi ƙara, allo ya yi jawur. Ya juya garken da ihu. Bai gama haɗa su a tudu ba ruwa ya iso, da itatuwa a kansa. Hapsatu mai nono tana wurin, ita ta baza labarin a kasuwa.

Ke ce kunnen Wuro Patuji, Winifred. Ba ki taɓa kiwo ba, amma kin tsare garke. Mun gode, Allah ya ƙara basira. Matasanmu masu kwamfuta, ku dubi abin da ke damun maƙwabtanku, ku gina a kansa kamar yadda ta yi.

Saniyar nan kuwa ta haihu lafiya. Gabdo ya sake zuwa shago, wannan karon da ƙwaryar kindirmo, bakinsa har kunne.

"Malama, takwaranka yana gaishe ka. Sunan Winifred na sa wa maraƙin!"