Jarumi Ba Ya Waiwaye

Rana ta take, zafi kamar ya gasa mutum, amma ga wani bawan Allah a rumfar mai gwanjo yana gwada baƙar jaket ta fata. Siriri ne mai wuya kamar na zalɓe, da gani ma'aikacin ofis ne da aka aiko cefane. Ya dubi hoton jarumin fim a wayarsa, ya dubi madubi, sai faman tada kwalar yake yi, ita kuwa ta ƙi tsayuwa.

"Maigida, anya ba ta yi mini yawa ba?" in ji shi, hannun rigar ya haɗiye masa yatsu.

"Haba yallaɓai! Kamar a jikinka aka ɗinka ta. Ga sanyi na tafe."

Sanyin da ko labarinsa babu! Gumi na ɗiga daga gemunsa, amma a ransa ƙanƙara ce ke zuba. Ya biya, ya maƙala baƙin tabarau, ya fita yana taku ɗaiɗai kamar wanda bam zai tashi a bayansa.

"Yallaɓai, ledar cefanenka!" mai gwanjo ya ƙwala masa kira.

Ya ji sarai, amma a fim jarumi ba ya waiwaye. A gida zai gane ba a miya da jaket.