Dalhatu da Keken da Ba Ya Tafiya

Dole a jinjina wa Ƙungiyar Gudun Iska ta masu tseren keke, da shugabanta Alhaji Abdulrauf, saboda hangen nesa. Sun duba sun ga titin Kano zuwa Zariya yana cin mutane, suka ce ba za su bar 'yan wasansu suna atisaye a tsakanin tireloli ba. Sai suka sayo na'ura daga waje. Ka cire tayar bayan kekenka, ka ɗaura shi a kanta, ka haɗa ta da waya da talabijin, sai ka ga kanka a wani titin ƙasar Turawa sumul. In hoton ya hau dutse feda ta yi tauri, in ya gangara ta saki. Tana auna ƙarfin ƙafarka ta fitar da lamba. Ba rami, ba direba mai gyangyaɗi. Wannan ai rahama ce.

A hanyar zuwa wurin wannan rahama tirela ta take Dalhatu Ɗanbaba, ranar Talata sha ɗaya ga Sha'aban, kusa da gadar Tamburawa. Na Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. An sallace shi bayan la'asar a ƙauyensu da ke gefen Bunkure.

Dalhatu, ni dillalin tumatir ne a Kwanar Gafan, na iya yabon kwandon da na san ƙasansa ya ruɓe. Amma kai ba ka buƙatar bakina. Duk mai noman rani a yankin nan ya san ka. Kafin rana ta yi zafi ka gama ban ruwa a gonarka, ka hau tsohon kekenka na tsere, ka bi gefen kanal kamar an harba ka. Mata masu tsinkar tumatir sukan ɗago su ce, "Ga mai aljanu nan." Ka ɗaga musu hannu ka wuce.

Ba zan manta ranar da injin ban ruwan Malam Salisu maƙwabcinka ya tsaya ba, ga shi ranar ce ruwa ya zo layinku, dashensa kuma ya fara langaɓewa. Ka kwance abin da ya lalace, ka cusa a aljihu, ka tafi Kura ka dawo da sabo ruwa bai ɗauke ba. Ya miƙo maka wani abu ka ce, "Baba, ai atisaye na yi, ni ya kamata in biya ka." Haka ka yi wa mahaifiyata da damina, lokacin da hanya ta yanke mota ba ta shiga, maganin hawan jininta ya ƙare. Ta rasu tana kiran ka ɗanta.

Abu ɗaya ka nema a duniyar nan: a sa ka cikin waɗanda ƙungiya za ta tura babbar gasa. Shekaru sun fara ja, ka san in bana ta wuce shi ke nan. Da, a titi ake zaɓe, a saki mutane, wanda ya riga ya riga, kuma ba a taɓa rigan ka ba. Da na'ura ta zo sai aka sauya doka. Kowa zai riƙa hawan ta duk mako, masu lamba mafi yawa su ne za su tafi.

To ina na'urar take? Tana birni, a falon Alhaji, ƙarƙashin fanka, inda shi ma yake ɗan taɓa ta da safe ko tumbi zai ragu. Kai kuma dole ka zo da kekenka, direbobi kuma ba sa son keke a mota. Sai ka tuƙa shi tun daga Bunkure, ka bi titin nan da aka ce ana raba ku da shi, ka isa a gajiye, ka hau ka yi gasa da 'yan birni da suka sauko daga adaidaita da hular sanyi. Lambarka ta riƙa fitowa ƙasa da tasu. Wani zuwan ma ka tarar ba wuta, janareta ba mai, ka sha ruwa ka juyo.

Na taɓa tsokanar ka a kasuwa. Na ce, "Dalhatu, yanzu kai da hankalinka, ka yi wannan doguwar tafiya don ka hau keken da ba ya zuwa ko'ina?"

Ka yi dariya ka ce, "Kawu, ita na'urar ba ta san na zo ba sai na hau ta."

Ka roƙi Alhaji ya lissafa maka tafiyar hanya, ya ce shi lamba yake so, ba labari ba. Ku na ƙauye kuka haɗu kuka roƙa a kawo na'urar nan Kura ko na mako guda a wata, tunda ku ne masu yawa. Ya ce ƙurar ƙauye za ta ɓata ta. Gaskiyarsa. Na ji tana nan lafiya lau, ko ƙwarzane babu.

Don ka cike giɓin lamba sai ka ƙara yawan zuwa. A irin wannan ƙarin zuwan ne ajali ya same ka. Ban ja da ƙaddara ba, kwana ne ya ƙare. Amma Wanda ya rubuta kwanan ya kuma ce zai tambayi kowane shugaba abin da aka ba shi kiwo.

Allah ya jiƙan ka, Dalhatu, ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka, ya sa gudun da ka yi wa mutane ya zama haske a gare ka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifinka Malam Ɗanbaba, da matarka Zuliha, da 'yarka Sumayya da ke ta tambayar yaushe za a gyara keken babanta. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ya bari.

Alhaji ma ya zo gaisuwa ranar uku, da buhun shinkafa, a garin da shinkafa take. Ya yi hawaye, ban ce na ƙarya ba ne. Ya kuma sanar cewa don girmama ka, an ba ƙaninka Iliyasu gurbinka a kan na'urar, zai fara zuwa Talata mai zuwa. Jama'a suka ce Allah ya saka da alheri, ni ma na ce amin. Sai dai har ya shiga mota ban ji wanda ya tambaye shi ba: ta wace hanya Iliyasun zai bi?