Kawu An-Sa-Hannu

Duk wanda ya zauna a unguwar Naif ta Dubai ya san gaisuwar Kawu Ɗan'azumi. Ba ka gama sallama ba za ka ji, "An sa hannu?" Har Ba'indiyen da ke kai shayi shagon takalmansa ya iya amsawa: "Tukuna, Alhaji."

Sulhun garinmu yake nufi. Da rikicin manoma da makiyaya ya lafa, dattawa suka tsara yarjejeniya, amma kansilolin jam'iyyun biyu suka ƙi sa hannu, kowa na gudun a yaba wa abokin hamayya. Kawu kuwa ya rasa ƙaninsa a rikicin.

Ga maƙo! Filashin yake wa ciyaman ɗin ƙaramar hukumarmu tun daga Dubai. Na ce, "Haba Kawu, ciyaman guda?" Ya ce, "Mai laifi shi ke biyan kuɗin jin faɗa." Kuma wallahi sai ka ji ya kira!

Da Kansila Garba ya zo hutu ya zaɓi takalmi, Kawu ya naɗe masa ƙafar hagu kaɗai.

"Alhaji, ɗayar fa?"

"An kafa mata kwamiti, ranka ya daɗe."

A makon ne ya ji Kansila Bello na ɗaya jam'iyyar shi ma yana gari. Ya gayyaci kowa daban cin abinci a Bur Dubai, can tsallaken ruwa, sai ga su kafaɗa da kafaɗa a abra, kwalekwalen fito. Ina wajen. Da muka kai tsakiyar ruwa Kawu ya ce, "To, an buɗe zama. Mai son ficewa, ga hanya."

Garba ya leƙa ruwa, ya gyara zama. Ya ce, "Alhaji, makiyayan nan fa su suka kashe maka ƙani."

Kawu ya ce, "Na sani. Saura ɗaya gare ni, yana can bakin gona."

A haka kwalekwalen ya kai mu gaɓa.

Sai da shekara ta zagayo kansilolin suka amince suka sa hannu. Kawu bai gani ba. Ciwon da bai faɗa wa kowa ba ya riga su. Bana Kawu Sale, autansu da ya rage masa, ya girbe dawarsa, makiyaya suka shigo da shanu suka ci kara, aka rabu da musabaha.

Allah Ya jiƙan Kawu Ɗan'azumi, Ya haɗa shi da ƙaninsa a inuwa mai sanyi. Mu kuma Ya bar mana zaman lafiyar nan.